Cikar Teku da Janyewarsa: Ziyarar Gaɓar Tsibirin Unguja na Zanzibar

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san cikar gulbi da janyewarsa. Idan damina ta yi nisa gulbi yakan kawo har ya shafe fadama, idan rani ya shigo kuma ya janye ya bar yashi. Wannan sau ɗaya yake faruwa a shekara, kuma ruwan sama ne yake haddasa shi. Teku ma yana cika yana janyewa, sai dai shi a yawancin gaɓoɓin duniya sau biyu yake yi a kowace rana, da damina da rani, kuma wata da rana ne suke jan ragamarsa.

Wannan babi zai yi bayanin wannan al'amari ta hanyar duba gaɓar tsibirin Unguja na Zanzibar. An zaɓi wannan wuri ne domin a can teku yakan janye fiye da kilomita guda ya bar fili, mutane su shiga su yi sana'a, sannan ya dawo ya rufe filin cikin 'yan sa'o'i. Manufar babin ita ce ɗalibi ya gane cewa wannan kai da komo yana da lissafi, kuma sanin lissafin shi ne abincin mazauna gaɓar, shi ne kuma kariyar ran baƙon da ya kai ziyara.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Ƙasar Hausa ba ta yi iyaka da teku ba, saboda haka harshen bai keɓe wa wannan al'amari kalma guda ba. A wannan babi za a yi amfani da "cikar teku" ga lokacin da ruwa ya hauro gaɓa, da "janyewar teku" ga lokacin da ya koma. Ya kamata a bambanta su da igiyar ruwa. Iska ce take tayar da igiyar ruwa, kuma takan taso ta faɗi cikin daƙiƙoƙi. Cika kuwa ɗagowar tekun ne gaba ɗaya, a hankali, cikin sa'o'i shida da 'yan mintoci.

Larabawa suna kiran abin "al-maddu wal-jazru". Ɗalibin da ya yi karatun tajwidi ya san maddi, wato jan wasali a tsawaita shi. Haka teku yake miƙewa ya tsawaita zuwa kan tudu. Kalmar "jazru" kuma saiwarta ɗaya da "jazira", wato tsibiri.

Su kuwa Sawahilawa, da yake a bakin teku suke rayuwa, sun rarrabe abin filla-filla. "Maji kujaa" shi ne cikar ruwa, "maji kupwa" janyewarsa, "bamvua" kwanakin babbar cika, "maji mafu" kuma kwanakin ƙaramar cika, ma'anarsa mataccen ruwa. Sunan harshen kansa daga Larabci ya fito, daga "sawahil", jam'in "sahil", wato gaɓa. Daga wannan kalma ce aka sami sunan yankin Sahel, gaɓar hamada. Wannan ya tabbatar da abin da masana harshe suke faɗa, cewa kowace al'umma takan yawaita kalmomi a kan abin da rayuwarta ta dogara da shi, kamar yadda Hausa ta bambanta gero da maiwa da dauro.

3.0 Abin da Yake Haddasa Cika da Janyewa

Kowane abu mai nauyi a sararin samaniya yana jan ɗan'uwansa, kuma ƙarfin jan yana raguwa gwargwadon nisa. Masanin nan na Ingila, Isaac Newton, shi ne ya fara bayyana cikar teku bisa wannan ƙa'ida a shekarar 1687. Wata yana jan ɓangaren duniyar da yake fuskantarsa fiye da yadda yake jan tsakiyarta, yana kuma jan tsakiyarta fiye da yadda yake jan ɓangaren da ya ba shi baya. Wannan bambanci yakan sa ruwan teku ya yi tozo biyu, ɗaya ta wajen wata, ɗaya ta bayan duniya. Yayin da duniya take juyawa, gaɓa takan ratsa tozo biyun, shi ya sa ake samun cika biyu da janyewa biyu a yini da dare.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a riƙe:

(a) Jinkirin kowace rana. Kafin duniya ta gama juyi ɗaya, wata ya ɗan matsa gaba a kan hanyarsa, sai ta ƙara kimanin minti 50 kafin ta cim masa. Ke nan tsakanin cika da cika akwai sa'o'i 12 da minti 25, kuma a matsakaicin lissafi lokacin cika yakan yi jinkirin minti 50 kowace rana. Wanda ya taka fili busasshe da ƙarfe goma na safiyar Asabar, idan ya dawo a daidai wannan lokaci bayan mako guda, ruwa zai tarar.

(b) Babbar cika. Rana ma tana jan teku. Duk da girmanta, nisanta ya kai kilomita miliyan 150, alhali na wata kimanin 384,400 ne, don haka tasirinta bai kai rabin na wata ba. Idan rana da wata da duniya suka jeru a layi ɗaya, jansu yakan haɗu, ruwa ya cika matuƙa, ya kuma janye matuƙa. Wannan yana faruwa a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 zuwa 16 ga wata.

(c) Ƙaramar cika. Idan wata ya yi rabi, wajen 7 zuwa 9 da kuma 22 zuwa 24 ga wata, jan rana yakan rage na wata. A lokacin ruwa ba ya hawa sosai, ba ya kuma janyewa sosai.

Siffar gaɓa da zurfin teku su ma suna da tasiri. A mafi yawan Bahar Rum bambancin cika da janyewa bai kai rabin mita ba, a Legas wajen mita guda ne, amma a mashigin Fundy na Kanada yakan kai mita 16. A Zanzibar yakan kusanci mita 4 a babbar cika, ya sauko wajen mita guda a ƙaramar cika.

4.0 Tsibirin Unguja

Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu su ne Unguja da Pemba. Ta haɗe da Tanganyika a ranar 26 ga Afrilu, 1964 aka kafa ƙasar Tanzaniya, amma tana da shugabanta da majalisarta. Ƙidayar 2022 ta nuna tana da mutane kusan miliyan 1.9, mafi rinjayensu Musulmi. Musulunci ya daɗe a can, domin a masallacin Kizimkazi da yake kudancin Unguja akwai rubutun da yake ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107 Miladiyya.

Tsawon Unguja kimanin kilomita 85 ne, kuma jirgin ruwa mai sauri yakan isa can daga Darussalam cikin sa'o'i biyu. Babban birnin yana gaɓar yamma, a nan ne tsohon garin da ake kira Mji Mkongwe yake, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Iska biyu ce take raba shekarar tsibirin: Kaskazi mai busowa daga arewa maso gabas daga wajen Disamba zuwa Maris, da Kusi mai busowa daga kudu daga wajen Yuni zuwa Satumba. Babbar damina tana sauka daga Maris zuwa Mayu, ƙaramar kuma wajen Nuwamba.

5.0 Gaɓoɓin da Ake Ziyarta

Tsayin cikar ruwa kusan ɗaya ne a kewayen tsibirin, amma abin da ido yake gani ya bambanta ƙwarai daga gaɓa zuwa gaɓa. Sirrin yana ga gangaren ƙasa. Inda ƙasa ta gangara da sauri, saukar ruwa da mita 4 'yan taku kaɗan take buɗewa. Inda ƙasa ta shimfiɗe kamar faifai, wannan mita 4 ɗin takan buɗe fili mai faɗin kilomita.

5.1 Gabas: Paje, Jambiani, Bwejuu da Matemwe

A gabas akwai shingen dutsen murjani da ya bi gaɓar, kilomita ɗaya zuwa biyu daga tudu. A kansa manyan igiyoyin ruwa suke fashewa. Tsakaninsa da tudu kuwa shimfiɗaɗɗen farin yashi ne da ciyayin ruwa. A babbar cika, teku yakan janye da hantsi har mutum ya hango shi can nesa kamar zare. Kwale-kwalen da ake kira "ngalawa", masu fiffike biyu na katako, sukan kwanta a kan yashi, kududdufai su bayyana cike da ƙaguwa da ƙananan kifaye. Wajen la'asar ruwan yakan dawo har ya riƙa dukan gindin kwakwa. Baƙon da ya zo iyo a nan dole ya jira cika, wanda ya zo kallon halittu kuma ya jira janyewa. Garin Paje ya yi suna da wasan da ake ɗaura ƙyalle a sama iska ta ja mutum a kan ruwa, musamman a lokacin Kusi da Kaskazi.

5.2 Arewa: Nungwi da Kendwa

A nan ƙasa ta gangara da sauri, don haka ruwa ba ya nisa da tudu, ana iya iyo kusan kowane lokaci, musamman a Kendwa. Wannan ne ya sa manyan masaukan baƙi suka taru a yankin. Nungwi tsohuwar cibiyar sassaƙa jiragen ruwa na katako ce, kuma akwai wurin kula da kunkurun teku a kusa da hasumiyar fitilar jirage.

5.3 Wuraren da Suke Ɓuya su Bayyana

Gab da babban birnin akwai wani tudun yashi mai suna Nakupenda, wanda yake fitowa idan ruwa ya janye, ya nutse idan ya cika. Masu kai baƙi can suna tsara tafiyarsu bisa wannan. A Michamvi Pingwe kuma akwai gidan cin abinci da aka gina a kan wani dutse, ana zuwa a ƙafa idan ruwa ya janye, a kwale-kwale idan ya cika. A mashigin Chwaka, ruwa yakan shiga ya fita cikin dajin "mikoko", itatuwan da suke tsirowa a ruwan gishiri, inda ƙananan kifaye suke girma.

6.0 Sana'o'in Filin da Teku ya Bari

Abin da baƙo yake ɗauka wurin shaƙatawa, gona ce da kasuwa ga mutanen gaɓa.

Sana'a ta farko ita ce noman ciyawar teku, wadda suke kira "mwani". An fara noma ta don sayarwa a Paje da Jambiani a shekarar 1989, da irin da aka kawo daga ƙasar Filifin, bayan shekarun binciken da Farfesa Keto Mshigeni na Jami'ar Darussalam ya yi. Ana kafa turaku a yashi, a ɗaure igiya tsakaninsu, a ɗaɗɗaure reshen ciyawar a jikin igiyar. Bayan kimanin mako shida sai a girbe, a shanya, a sayar wa 'yan kasuwa su fitar waje. Daga cikinta ake tatso wani sinadari mai sa kauri, wanda ake zubawa a man goge baki da askirim da magunguna. Manoman sun haura 20,000, kuma mafi yawansu mata ne. Ba sa iya isa gonakin sai a kwanakin babbar cika, lokacin da ruwa yake janyewa sosai. A kwanakin mataccen ruwa gonar tana nutse, sai su koma ga shanya da gyaran igiya. Ke nan kalandarsu ta aiki ita ce watan sama.

Wannan noma ya gamu da cikas. Ɗumamar ruwa a wurare marasa zurfi ta riƙa kashe irin da ya fi tsada, aka bar manoma da mai araha. Masana irin su Dakta Flower Msuya sun ƙarfafa noma a ruwa mai zurfi da sarrafa ciyawar zuwa sabulu da gari. Sai dai ruwa mai zurfi yana buƙatar kwale-kwale da iya iyo, alhali da yawa daga cikin matan ba su taso da iyo ba.

Sana'a ta biyu ita ce tsintar abin teku. Mata da yara sukan bi ramukan dutse da tsinken ƙarfe ko na itace suna zaƙulo "pweza", wata halitta mai laushin jiki da hannuwa takwas, suna kuma tsintar dodon koɗi da ƙumba. Ta uku ita ce igiyar kwakwa. Akan binne ɓawon kwakwa a yashi a danne da duwatsu, ruwan gishiri ya yi watanni yana shiga yana fita har ya yi laushi, sannan a tono, a buga, a murza igiya. Tarin duwatsun da baƙo yake gani a filin, dukiyar wata ce.

Wannan gaɓa tana da alaƙa da tarihin kuɗin Bahaushe. Kalmar "kuɗi" asalinta jam'in "wuri" ce. Tsohon wurin da aka sani daga tsibiran Maldibis yake zuwa, amma daga wajen 1845 'yan kasuwar Hambug ta Jamus suka fara lodin wani iri daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, daga can ya bi hanyoyin fatauci zuwa cikin ƙasa. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ne yake daidai da dalar azurfa ɗaya. Yawan wurin da aka riƙa shigowa da shi yana cikin dalilan da suka karya darajarsa kafin ƙarshen ƙarnin.

7.0 Haɗari da Yadda Ake Tsara Ziyara

Babban haɗarin gaɓa irin ta gabas shi ne ruwa ya rutsa da mutum a nesa da tudu. Matuƙan jirage suna da ƙa'idar kimanta hawan ruwa: a raba tsayin cikar gida 12; a sa'a ta farko kashi 1 yake hawa, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Misali, idan cikar ranar mita 3.6 ce, hawan zai kasance santimita 30, 60, 90, 90, 60 da 30. Wanda yake tsaye inda ruwa ya tsaya a ƙarshen janyewa, bayan sa'a ɗaya ruwan ƙwaurinsa kawai zai kama, sai ya saki jiki. Bayan sa'a biyu ya kai ƙugu, bayan uku ya shanye kansa. Bugu da ƙari, filin ba a daidaice yake ba. Ruwa yakan fara cika kwaruruka, har ya zagayo ta bayan mutum ya yanke masa hanya alhali inda yake tsaye a bushe yake.

Saboda haka mai ziyara ya kiyaye waɗannan:

(a) Ya duba jadawalin cika da janyewa na ranar. Ana samunsa a masaukai da intanet, kuma ana lissafa shi tun kafin shekara ta kama.

(b) Ya fita ruwa yana kan janyewa, ya juyo da zarar ya tsaya. Idan ya ga matan gona sun ɗauki buhunansu sun nufi tudu, ya bi bayansu.

(c) Ya lura da agogon Sawahili, wanda yake fara ƙirga daga fitowar rana. Idan masunci ya ce ruwa zai janye da "saa nne", wato sa'a huɗu, ƙarfe goma na safe yake nufi. Saɓanin sa'o'i shida ne, daidai tazarar da take tsakanin janyewa da cika.

(d) Ya sa takalmi mai kauri, saboda bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi da wani kifi mai dafi da yake kama da dutse. Kada ya ɗauki katantanwa mai siffar mazurari da hannu, domin wasunsu suna harbi.

(e) Ya tafi da ɗan gari, da ruwan sha da hula, domin farin yashi yana mayar da zafin rana.

(f) Kada ya taka igiyoyin gona, ko ya rushe tarin duwatsu, ko ya ɓalle murjani. Kada ya ɗauki hoton kowa sai da izini, kuma ya suturta jikinsa idan zai shiga gari, musamman a watan azumi.

8.0 Koyar da Darasin a Aji

Yawancin yaran da malamin Hausa zai koyar ba su taɓa ganin teku ba, don haka a fara daga abin da suka sani: cikar gulbi, tsayuwar wata da daren sha huɗu. Daga nan a kawo babban faranti, a tara yashi mai tudu a gefe ɗaya, a shimfiɗa shi a ɗaya gefen, a riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Yara za su ga da idonsu yadda ruwa ɗaya yake mamaye shimfiɗaɗɗen gefe da sauri, alhali bai ci komai ba a gefe mai tudu, wato bambancin Paje da Nungwi. Gani ya kori ji. A ɓangaren harshe kuma, darasin dama ce ta koyar da hanyoyin samar da sababbin kalmomi: faɗaɗa ma'ana kamar a "cika" da "tozo", harɗantawa kamar a "bushiyar teku", da aro kamar a "murjani".

9.0 Kammalawa

An ga cewa cikar teku da janyewarsa suna bin tafiyar wata da rana, sau biyu a rana, da jinkirin kimanin minti 50, da babbar cika sau biyu a wata. An ga yadda gangaren ƙasa ya bambanta gaɓar gabashin Unguja da ta arewa, da yadda noman mwani da sauran sana'o'i suka rataya a kan sa'o'in da teku yake bayarwa. Mai ziyarar da ya san kwanan wata, ya duba jadawali, ya kuma tambayi 'yan gari, zai ga abin da ya je gani ya dawo lafiya. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi

1. Bambanta cikar teku da cikar gulbi, da kuma igiyar ruwa.
2. Me ya sa ake samun babbar cika a tsayuwar wata da tsakiyarsa?
3. Idan cikar rana mita 2.4 ce, lissafa hawan ruwa a kowace sa'a cikin sa'o'i shida.
4. Bayyana alaƙar gaɓar Zanzibar da kalmar "kuɗi".
5. Tsara darasin minti 40 a kan wannan batu domin 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare.